Likita ya ce kashi 15 cikin 100: in sake gwada IUI ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 35, shekararmu shida da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Shekara uku da suka wuce aka yi mini hoton HSG na duba hanyoyin ƙwai, aka ce hanyar ƙwai ta hagu a toshe take, ta dama a buɗe. Al'adata tana zuwa a kan lokaci. An gwada maigidana, aka ce ƙwayoyin maniyyinsa sun ɗan yi ƙasa amma ba laifi. Watan jiya aka yi mana IUI, wato zuba maniyyin miji kai tsaye cikin mahaifa, a wani asibitin kuɗi, sai da na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na gwal. Kwana 14 sai ga jini. Likita ya ce damar samun ciki kashi 15 ce cikin 100, mu sake. Ni kuma ina zargin kaina, don ranar a adaidaita sahu na koma gida, hanyarmu duk ramuka, washegari kuma na yi wanki. Uwar mijina ta fara yi masa zancen ƙarin aure. Anti, in dai 15 ne kawai, ba asarar kuɗi muke yi ba? In sake ko in haƙura?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu ƙwarai. Allah Ya sa wannan ya zama kaffara, Ya kuma share miki hawaye.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen adaidaita sahu da wanki. Bari in fara sauke miki wannan kayan kafin mu zauna lissafi. A IUI, ana tace maniyyin miji a ɗakin gwaje-gwaje, a ware ƙwayoyin da suka fi kuzari a cikin ɗan ruwan da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, sannan a shigar da su da siririn bututu ta bakin mahaifa har can ciki. Mahaifa kuwa bangayenta a haɗe suke da juna, ba kamar kofi take ba da za a ce an girgiza ya zube. Cikin 'yan mintuna ƙwayoyin sun kama hanyar bututun ƙwai, inda ake haɗuwa. Ɗan danshin da mace ke ji bayan an gama, ruwan bakin mahaifa ne. Idan an dace, ɗan tayin sai ya yi kwanaki yana gangarowa ta bututun, kuma sai bayan kamar kwana 6 zuwa 10 yake maƙalewa a jikin mahaifa. To ranar da kika shiga ramukan nan ba a ma zo wurin ba. Matan ƙauye suna daka, suna ɗebo ruwa, suna hawa bayan babur, suna kuma ɗaukar ciki. Ki cire wannan daga ranki gaba ɗaya.

Yanzu ga maganar 15 ɗin nan da ta karya miki gwiwa.

Kin san ma'auratan da lafiyarsu ƙalau, masu ƙuruciya, waɗanda ba su taɓa zuwa asibitin haihuwa ba? Su ma a kowane wata damarsu ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba. Amaryar da kika ga ta haihu a shekarar farko, sau da yawa ta yi wata uku ko biyar tana ganin al'ada, ba wanda ya ƙirga mata ne kawai saboda ba ta biya kuɗi ba. Haka Allah Ya halicci ɗan Adam, cikinsa ba ya kamawa kowane wata. Aikin IUI shi ne ya ɗago ma'auratan da damarsu ta faɗi ƙasa sosai ya matso da su kusa da ta sauran mutane. Don haka rashin dacewa a karon farko shi ne abin da ya fi faruwa, ko ga wadda daga baya za ta haihu ta wannan hanyar.

Ki ɗauka mata 100 ne a zaune a layin asibiti, kowacce damarta 15. Wata na farko 15 suka samu, saura 85. Wata na biyu kamar 13 suka ƙaru, na uku kamar 11. A wata uku an tashi da 39 ke nan. In kuwa damar 10 ce, a wata uku za a tashi da kamar 27. A zahiri lissafin yakan ɗan yi ƙasa da haka, domin masu sauƙin matsala su ne ke fara ficewa daga layin, waɗanda suka rage tasu ta fi tauri. Wannan ne ya sa mafi yawan cikin da ake samu da IUI a gwaji uku zuwa huɗu na farko ake samunsa, bayan nan ribar sai ta yi ta raguwa. Ki kuma tambayi likitanki: 15 ɗin da ya faɗa, na samun ciki ne ko na haihuwa? Akwai tazara a tsakani, don daga cikin da aka tabbatar akwai kashi 10 zuwa 20 da ke zubewa, kuma adadin yana ƙaruwa da shekaru.

Amma 15 ɗin nan lissafin taron jama'a ne. Naki lissafin yana cikin takardun da ke jakarki. Na taɓa raka wata 'yar'uwata irin wannan asibiti, muka fito tana riƙe da wata 'yar takarda ta ninke ta huɗu ta cusa a cikin katin asibiti. Sai da muka zauna a gida na buɗe, na ga a jikinta ne aka rubuta yawan ƙwayoyin mijinta bayan tacewa, adadin da kusan shi ne rabin labarin, kuma babu wanda ya yi mata bayaninsa. Ita ma ba ta tambaya ba, kunya ta hana. Tun ranar nake gaya wa mata su karɓi takardunsu su karanta.

Abu na farko da likitoci ke dubawa shi ne shekarun mace, kuma shi ne ya fi kowanne nauyi. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga sun dawo kamar 300,000 zuwa 400,000, kuma ba a ƙara sabo. Yawansu yana raguwa, ingancinsu ma haka, raguwar kuma tana ƙara sauri daga wajen shekara 35. Ƙasa da 35 ana ganin kashi 10 zuwa 20 a kowane gwajin IUI, bayan 40 kuwa yakan faɗo wajen 5 ko ƙasa. Ke kina bakin gaɓa. Ƙofa a buɗe take, sai dai ba ki da shekarun da za ki yi ta zagaye. Akwai gwajin jini da ake kira AMH, da ƙirgen ƙananan ƙwai ta sikanin. Suna nuna yawan abin da ya rage a rumbu, ba sa nuna ingancinsa, amma suna gaya miki ko akwai sararin jira ko a gaggauta.

Na biyu shi ne daɗewar matsalar. Wadda ta yi shekara biyu tana nema ta fi wadda ta yi shida dama, wadda ta taɓa ɗaukar ciki kuma, ko da ya zube, ta fi wadda ba ta taɓa ba. A nan ba zan ɓoye miki ba, shekara shida ba tare da ɓatan wata ba yana rage lissafinki.

Na uku, kuma a nan nake so mu daɗe, shi ne bututun nan. IUI ba ya tsallake bututu. Dole ƙwai ya shiga cikinsa, maniyyi ya same shi a can, ɗan tayi ya gangaro ta nan. A ƙasashenmu toshewar bututu na cikin manyan abubuwan da ke hana haihuwa, yawanci sakamakon ciwon sanyin da ba a magance da kyau ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari ko tiyata. Hotonki ya shekara uku, ya tsufa. Sannan kalmar "a toshe" ba ta isa ba, sai an san a ina. In toshewar a gindin bututun take, daf da mahaifa, wani lokaci ma ba toshewa ba ce, naman wurin ne ya ɗaure saboda zafin gwajin, a sake hoto a ga ruwa ya wuce. Masu irin wannan, in ɗaya bututun lafiya yake, sakamakonsu a IUI bai cika bambanta da na masu bututu biyu ba. In kuwa a can ƙarshen bututun ne, har ya kumbura ya tara ruwa, labari ya sauya. Ruwan yana iya gangarowa cikin mahaifa ya hana ɗan tayi zama, har a IVF ma, wato inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje a dasa ɗan tayin a mahaifa, shi ya sa likitoci kan cire ko su ɗaure irin wannan bututun tukuna. Kuma cutar da ta lalata na hagu tana iya yi wa na dama lahani a ciki ko da ruwa yana wucewa.

Ga wata tambaya da ba ki faɗa mini amsarta ba: a watan da aka yi miki, ta wane ɓangare ƙwai ya nuna? Ana gani a sikanin. Bututun dama yana iya cafko ƙwan da ya fito daga hagu, yana faruwa, amma dama ta fi yawa in ƙwan da buɗaɗɗen bututun suna gefe ɗaya. Idan watan jiya ƙwai ɗaya ne kuma a hagu yake, to gwajin da kika yi bai nuna iyakar abin da IUI zai iya yi miki ba.

Na huɗu, maigida. "Sun ɗan yi ƙasa amma ba laifi" magana ce ta kwantar da hankali, ni lamba nake so. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana sa ran ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 30 suna tafiya gaba, aƙalla kashi 4 kuma surarsu daidai. Ga IUI, lambar da ta fi muhimmanci ita ce jimillar masu motsi bayan an tace. In ta kai miliyan 10 an ji daɗi, daga 5 zuwa 10 ana aiki, ƙasa da 5 dama tana raguwa, ƙasa da miliyan 1 kuwa da wuya IUI ya yi amfani. Gwaji ɗaya kuma ba ya yanke hukunci. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala, don haka zazzaɓin cizon sauro mai zafi da ya kwantar da namiji yana iya rage masa adadi har wata uku. Taba, shisha, tiramadol, da allurar testosterone da wasu ke yi don ƙarfi ko gina jiki, duk suna rage shi, ta ƙarshen ma tana iya tsayar da shi cak. Haka magungunan maza da ake saye ba a san haɗinsu ba. A sake gwada shi bayan ya ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, likita kuma ya duba ko akwai kumburin jijiyoyin maraina.

Na biyar shi ne yadda aka gudanar da watan kansa: wane magani aka ba ki, ƙwai nawa suka nuna, an jira kumburin ƙwan ya kai milimita 18 zuwa 20 kafin a yi allurar fashe shi, an yi zubin cikin awa 24 zuwa 36 bayan allurar, kuma shimfiɗar mahaifa ta kai milimita 7. Ƙwai biyu sun fi ɗaya dama. Amma kada ki matsa wa likita ya ƙara miki allura don ƙwai su yi yawa. A Amurka an yi bincike a kan ma'aurata 900 da ba a gano dalilin rashin haihuwarsu ba, aka wallafa a 2015. Bayan gwaji har huɗu, masu allurar gonadotropin kashi 32 suka haihu, masu ƙwayar clomiphene 23, masu letrozole 19. Sai dai a cikin masu allurar, kusan ɗaya bisa uku na cikin da aka samu tagwaye ne ko 'yan uku. Mu muna murna da tagwaye, ni ma ina yi, amma wanda ya taɓa ganin 'yan uku bakwaini a kwalba, uwa na fama da hawan jini, uba na neman kuɗin gado, ya san dalilin da likitan kirki zai soke wata guda in ya ga ƙwai huɗu sun nuna. In ya soke, kada ki ji haushinsa. Kuma don Allah kada ki sayi Clomid, wato clomiphene ɗin nan, a kemis ki sha da kanki kamar yadda mata ke ba juna shawara. Ke ƙwanki yana fita, kuma maganin yana iya sirantar da shimfiɗar mahaifa.

Tun wajen 2004 likitoci a Holan suka haɗa irin waɗannan abubuwa, shekaru da daɗewa da ko an taɓa ciki da motsin maniyyi, suka mayar da su ma'aunin hasashe. Da shi suka gano abin da ya shafe ki. A binciken da aka wallafa a 2006 sun gwada ma'aurata 253 da hasashe ya nuna damarsu ta samun ciki da kansu cikin shekara ba laifi, rabi aka yi musu IUI, rabi aka ce su jira wata shida. Sakamakon kusan ɗaya ya fito, 23 da 27 cikin 100. A Niyu Zilan kuma, a binciken da mujallar Lancet ta buga a 2018, an ɗauki mata 201 waɗanda hasashensu ya yi ƙasa. Waɗanda aka yi wa IUI sau uku kashi 31 suka haihu, waɗanda suka jira kashi 9 kacal. Ma'ana, IUI ya fi amfani ga wadda jira ya daina yi mata aiki, kuma bayan shekara shida ke kina cikinsu. Sai dai matan can bututunsu ba irin matsalar naki gare shi ba, don haka kada ki ɗauki 31 ɗin ki rataya wa kanki.

To ga ra'ayina, tunda shi kika tambaya. Da shekara 35, da shekara shida na nema, da bututu ɗaya, da maniyyi mai ɗan rauni, ina ganin damarki a kowane gwaji ta fi kusa da 10 fiye da 15. Ban ce ki haƙura ba. Amma kada ki sake biyan ko sisi sai an yi abu uku: an sake duba bututun an san inda toshewar take da ko akwai ruwa, an sake gwada maigida an ba ku lambar bayan tacewa a rubuce, an kuma yi miki AMH. A sikanin ɗin a duba ko akwai ƙari da ya turo cikin mahaifa, a haɗa da gwajin jini na maƙogwaro da na sinadarin nono in ba a taɓa yi ba. Kuɗin waɗannan duka bai kai na IUI ɗaya ba.

In sakamako ya yi kyau, ki ƙara gwaji biyu, uku in ya yi yawa, a jere cikin wata shida, a watannin da ƙwai ya nuna ta dama. Ku yanke wannan iyaka ke da maigida tun yanzu, kafin zuciya ta shiga "bari mu ƙara ɗaya". Na ga matan da suka yi sau bakwai, sau takwas, kuɗin da zai kai su IVF ya tafi kaɗan kaɗan, shekara 39 ta riske su a layi ɗaya. In kuwa aka ga bututun ya tara ruwa, ko na daman ma yana da rauni, ko lambar maigida ta gaza miliyan 5 sau biyu, ko AMH ya yi ƙasa, to ki tsallake IUI ki fara tara kuɗin IVF. Na san miliyoyi ne, na san ba wasa ba ne. Amma shi ba ya buƙatar bututu, kuma a shekarunki damarsa a gwaji ɗaya ta ninka ta IUI sau biyu ko fiye.

Idan kin sake, ki fara shan folic acid tun yanzu, maikirogiram 400 kullum. Ki daina duk wani maganin matsi. Kada ki yi gwajin fitsari kafin kwana 14, don allurar fashe ƙwai tana iya nuna layi biyu na ƙarya har wajen kwana 10, kuma wannan murnar da za ta koma kuka ba na so ki ɗanɗana ta. In Allah Ya sa ya kama, ki je sikanin da wuri, a sati na 6 zuwa 7, domin mai matsalar bututu ta fi shiga haɗarin ciki a wajen mahaifa. Ciwon mara mai tsanani ta gefe ɗaya, ɗigar jini da jiri, ko kumburin ciki da wahalar numfashi bayan allurai, duk na zuwa asibiti ne a daren, ba a jira gari ya waye.

Wataƙila wani ya sa miki shakka ta fuskar addini. Muftin ƙasar Masar ya ba da fatawa tun 1980, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta zauna a Amman a 1986, matsayar kuma ita ce ya halatta in da buƙata, matuƙar maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, aure kuma yana nan. Na wani namiji haramun ne. Saboda kiyaye nasaba, haƙƙinku ne a nuna muku sunanku a jikin kwalba da sirinji kafin a yi zubin. Asibitin da ya san aikinsa da kansa zai nuna.

Saura zancen Hajiya. Ba zan ce ki yi faɗa da uwar miji ba, ita ma jika take so ta goya, kuma abin da ta sani ke nan. Amma maigidanki ya san abin da ita ba ta sani ba, cewa takarda ta nuna matsalar ta ku biyu ce. Ba sai an tona masa asiri a gaban dangi ba, ke ma ba za ki so haka ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya tare miki maganganu, ya ce wa mahaifiyarsa suna ganin likita tare, ta sa musu albarka. Kuma gwal ɗinki ya tafi, na gaba kada ya fito daga akwatinki ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ajiye takardun a gabansa, ki ce masa ranar komawa asibiti kina so ku shiga ofishin likita tare, ba ya tsaya a mota ba.

Ki rubuta tambayoyin a takarda ki riƙe a hannu, don a gaban likita mutum yakan manta: a ina bututun ya toshe, ta wane gefe ƙwai ya nuna, guda nawa, shimfiɗar mahaifa milimita nawa, ƙwayoyi miliyan nawa aka zuba. In kin samo amsoshin ki sake rubuto mini mu duba tare. Allah Ya ba ku zuriya mai albarka, Ya sa mu sha suna.